Baƙar Leda

Ranar Lahadi ce, kasuwar Gujungu na ci,
buhun riɗi biyar a baya, biyu a kan rufi,
tayar gaba ta yi bindiga a kwanar Majiya.
Sau uku na ga sama a inda ƙasa take.
Na fito ta gurbin gilashi
da karyayyen yatsa da takalmi wari ɗaya.
Jama'a na ta yi mini barka,
ni kuwa ina kallon kajin ƙauye
suna tsince dukiyar mutane a bakin kwalta.

Da hankali ya dawo gida na tuna da ledar,
baƙa, a ƙarƙashin kujera,
shekara shida ina ciyar da ita kamar tunkiyar layya.
Duk shekara Hudu ɗan kamasho ya karɓi nasa,
ya miƙo inshora mai jan hatimi,
ya ce, "Direba, ka rufu ruf."

A Taura kofur ya ce in kawo kuɗin takarda.
Ya tambayi gudun da nake yi,
na ce allurar ta mutu tun kafin in saya.
Ya rubuta sittin. Shi ma yana da imani.

A Dutse hoto huɗu suke so, mai farin bango.
Nawa ja ne. Na koma.
A kotu na rantse cewa ni ne ni,
don Ilu nake a lasin, Iliya a katin zaɓe,
Iliyasu a bakin Inna in na yi laifi.

Ashe har yau motar sunan Alhaji Barau take amsawa,
shi kuwa damina huɗu ke nan ta sauka a kansa.
"Sai ya sa hannu," in ji yarinyar da ke bayan kwamfuta.
Na ce, "Baiwar Allah, inda yake ba a shiga da biro."
Ta rufe baki da mayafi, ta ce in nemo magada.
Goma sha ɗaya ne.
Ɗaya na Fatakwal yana sayar da albasa,
biyu ba sa gaisawa tun ranar rabon gona.
Sai da na ci kuɗin akuyar Uwani a hanya
kafin hannu goma sha ɗaya su haɗu a shafi guda.

Sannan Kano. Bene hawa uku, sanyi kamar cikin randa.
Mai kwat ya ɗaga takardata ga fitila
yadda mai shago ke duba 'yar dubu.
Ya ce, "Ta gaske ce, ka yi sa'a.
Amma ta wanda ka buge ce. Wa ka buge?"
Na ce, "Wata tsamiya."
Ya ce, "Ta kawo ƙara?"
Ya ba ni ruwan roba, ya raka ni har ƙofa.
Ban taɓa ganin hanawa mai ladabi irin wannan ba.

Tana bayan gida yanzu, a gindin darbejiya.
Kaza ta yi ƙwai tara a kujerar direba,
Mati na zaune a gefe yana kiran fasinja:
"Ringim mutum ɗaya! Ringim mutum ɗaya!"
'Yan gwangwan sun zo da ma'auni,
suka ƙwanƙwasa ta kamar masu tayin kankana.
Na ce su bari kazar ta ƙyanƙyashe.

Tabawa mai buhu biyu ba ta ce uffan ba,
gaisuwarta dai ta yi tsawo,
ta fi sammaci nauyi.

Kwafi arba'in da uku na ƙirga a ledar.
Uwani ta roƙi rabi, tana naɗe awara.
Jiya na ga fuskata, mai farin bangon,
a hannun wani yaro, mai ya jiƙa ta.

Shekaranjiya na wuce kwanar a bayan babur ɗin haya.
An yi ruwa sau biyu.
Riɗi ya tsiro tun daga bakin kwalta har gindin tsamiyar,
kore shar, babu wanda ya sa masa hannu.
Na ce wa yaron ya ɗan rage gudu.
Ya ce, "Naka ne, Baba?"
Na ce, "Sai an duba takarda."